Waƙar Niƙan da Na Yi wa Inna Ta Shiga Kasuwa

A farkon shekarun casa'in, lokacin da abin nan ya same ni, ni matar aure ce a wani ƙauye tsakanin Yako da Ɗansoshiya, a ƙasar Kiru. Ban kai arba'in ba. A ruga aka haife ni, 'yar Fulani, amma gidan manoma aka kai ni aure. Abu biyu aka san ni da su, iya dama fura da kunya. In baƙo namiji ya yi sallama, ko tarina ba ya ji. Maigidana mutum ne mai sanyin hali, manomin dawa da gyaɗa, ba mu da dukiya mai yawa amma ba ma roƙon kowa. Da ɗan karatun manya da na yi bayan furfura ta fara leƙowa nake rubuto muku wannan, don haka ku yi haƙuri da rubutun. Ba zan kama sunan kowa ba.

'Yar farina ba a ɗakina ta tashi ba. Tun da aka yaye ta uwar mijina, wadda muke kira Goggo, ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Danga ɗaya ce ta raba sashen Goggo da nawa. A al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna, ni kuwa ko a cikin Fulani na yi fice wajen riƙe wannan. In ina nemanta sai in ce a kira mini yarinyar nan ta wajen Goggo. Ita kuma Adda take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ranar da ta yi zazzaɓi mai tsanani tana ƙarama, a bayan danga na tsaya ina jin nishinta, ban shiga ba, kuma kowa ya yaba mini. A shekarar da nake ba ku labari ta zama cikakkiyar budurwa mai natsuwa. Wani malamin makaranta ɗan Bebeji da aka turo aiki wajenmu ya ce yana so, ita ma ta amsa. Gidansu gidan malamai ne, masu duba asali kafin su duba fuska. Sun yi bincikensu sun gamsu, sun kawo gaisuwar iyaye, sa rana kawai ya rage. Ban taɓa cewa uffan a kan auren ba, amma ni kaɗai na san daɗin da nake ji.

Mahaifiyata, Inna, tana Makka a lokacin. Yayana da ke zaune a can ne ya kai ta aikin hajji ya riƙe ta. Ba ta karatu, ni ma a lokacin ba na yi, waya kuwa sai a birni, nan ma sai wane da wane. Yaran yanzu ba su san yadda muke gaisawa da na nesa ba. Kaset muke yi. Mutum ya zauna gaban rikoda ya yi sallama, ya gai da kowa, ya faɗi wanda ya rasu da wadda ta haihu da yadda damina ta yi, a ba alhazai su kai, in sun dawo su zo da amsa. A kaset ɗin da Inna ta aiko na ƙarshe kafin abin nan ya faru, bayan gaishe-gaishe sai muryarta ta canza. Ta ce idonta ya yi rauni, ba ta fita sai an riƙe ta, kuma ba abin da take kewa kamar ƙarar dutsen niƙa da safe. Ta roƙe ni in yi mata waƙar niƙan da ta koya mini ina yarinya, kuma kada in yi ta a zaune haka kawai, in yi ta a kan dutse, tana so ta ji dutsen.

To mu ma a lokacin inji ya riga ya kashe dutse. Sai da na tono nawa daga bayan rumbu, inda kaji suka mai da shi wurin hutawa. Maigidana ya sayo sabon kaset da batir, ya nuna mini jan maɓallin da ake dannawa, sannan ya tafi sharar gona, don ya san ba zan iya buɗe baki yana gida ba. Yara suna makaranta, Goggo da yarinyar sun tafi barka. Na saki asabari, na durƙusa, na zuba gero. Da fari hankalina yana kan jan maɓallin, amma da hannu ya kama aiki dutse ya fara amsawa, sai na manta da rikodar. Ga wanda bai sani ba, waƙar niƙa ba ta dandali ba ce. A nan ne mace take faɗin abin da ba ta iya faɗa a tsaye. Ta yi kewar gidansu, ta yi wa dangin miji habaici, ta yi kukan wanda ya mutu. Mutanen gida suna ji, kowa kuma ya yi kamar bai ji ba, in an kwashe gari maganar ta ƙare a nan. Haka muka taso muka tarar, kuma da wannan tunanin na danna maɓallin.

Na yi baitocin Inna yadda ta koya mini, na ambaci rugarmu da rafin da muke wanke ƙwarya, na kira shanun mahaifina da sunayensu. Na zo ƙarshe geron bai ƙare ba, kaset ɗin ma bai ƙare ba, sai na ji bakina ya ci gaba da kansa. Na shiga ba Inna labarin jikarta a cikin waƙar. Na kama sunan yarinyar, ba sau ɗaya ba. Na faɗi yadda aka ɗauke ta daga bayana nonona bai bushe ba, yadda nake leƙenta ta kafar danga in tana tsefe kai, yadda tafiyarta take irin ta Inna. Na ce ga shi za a kai ta Bebeji, Allah ya sa su riƙe mini ita da kyau, domin ni ban samu na riƙe ta ba. Ina yi hawaye na ɗiga a cikin garin. Da kaset ɗin ya tsaya na zauna na huce, na ji wani sauƙi da na daɗe ban ji irinsa ba. Kunyar kaina ta hana ni in saurara in ji yadda ya fito. A raina magana ce tsakanin 'ya da uwarta, daga ɗakina sai kunnen Inna.

Daga nan muka yi abin da kowa yake yi. Ba a ba alhaji ɗaya saƙo, domin kaya na ɓata, wani kuma ya je ya kasa gane gidan. Biyu ake yi a ba mutum biyu. Rikodarmu ba ta kwafa, don haka maigidana ya kai wa wani mai shagon kaset a babbar kasuwar da muke ci, wanda duk yankin shi ke yi wa mutane wannan aikin. Ya tarar da layi, mai shagon ya ce ya bari ya dawo kasuwa mai zuwa. Da ya gaya mini ya baro shi a can ban so ba, amma na ɓoye, don in na nuna damuwa zai tambaye ni abin da ke ciki. Shi bai saurara ba, mutum ne da ba ya buɗe abin da ba nasa ba. Kasuwa ta zagayo ya karɓo guda biyu, muka ba alhazai biyu. Na ɗauka an gama.

Alhazai ba su ma dawo ba wata 'yar uwata mai tallan nono ta shigo gidanmu da rana, ta sauke ƙwarya, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba ta tambaye ni wai yaushe na fara waƙa a mota. Na ce wace irin mota kuma, ko rana ce ta buge ta. Ta rantse cewa a bas ɗin da ta hau daga Tudun Wada direba ya sa kaset, ta ji dutse, ta ji sunayen shanunmu, ta ji muryata, wata tsohuwa a motar har kuka ta yi. Na yi dariyar ƙarfin hali na ce muryoyi na kama. Ba a daɗe ba ina tsakar gida ina bakacen dawa, sai na ji wata mata tana waƙa a bayan danga, tana tafe tana matsowa. Wani saurayi ne ya ɗaure rikoda a keke yana wucewa. Ban taɓa jin muryata daga waje ba, don haka sai da aka kama sunan 'yata na gane ni ce. Na tsaya da faifai a hannu har ya yi nisa. Ni da baƙo ba ya jin tarina, ga ni a kan keke ina zaga gari.

Ashe mai shagon yana kwafa yana saurare, abin ya yi masa daɗi, ya ajiye wa kansa guda, irin wanda suke kira uwa, wanda daga shi ake kwafar sauran. Ya yanke sallamata da gaishe-gaishen ya bar waƙar tsura. Bai rubuta sunana ba don bai san shi ba, amma rugar da rafin da shanun sun isa a gane ni. Abin da ya fi ci mini rai, tun da kaset ɗin ba shi da suna, sai masu saye suka laƙaba masa sunan da suka fi ji a ciki. Mutum ya tsaya a shago ya ce a ba shi kaset ɗin wance, sunan 'yata, budurwar da ake shirin sa wa rana. Masu shayi suna sa shi, 'yan acaɓa suna rera shi, in yarinyar ta wuce za ta Islamiyya samari su kama kwaikwayon ƙarar dutse da baki. Ta daina fita. Daga nan magana ta juya, wai ashe matar wane zabiya ce, irin matan da ke bin maroƙa gidajen biki, wai tun a ruga sana'ata ke nan. A ƙasarmu kuwa an san yadda gidan malamai suke kallon haɗa jini da maroƙa. Sai ga saƙo daga Bebeji, cikin ladabi, cewa a ɗan dakata da sa rana sai an ga yadda damina ta yi.

A ranar na gaya wa maigidana komai, ina magana ina kallon ƙasa. Ashe ya riga ya ji da kunnensa a wajen mai shayi, bai dai tayar mini da maganar ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce laifinsa ne da ya bar kaset ɗin ya kwana a hannun wani, kuma in akwai hukuma a ƙasar nan sai ya dawo mini da muryata gida. Ya fara da mai shagon. Mutumin bai ko musa ba, har murna yake yi ya ga mai abin. Ya ce tun da ya buɗe shago wa'azi da waƙar kowa yake kwafa, ba wanda ya taɓa cewa sai an tambaye shi, mawaƙa ma godiya suke yi masa don yana sa a san su. Ya ce in uwargida tana da wasu a kawo, a wannan karon za a raba riba. Maigidana ya ce bai taɓa jin sha'awar marin mutum ba sai ran nan. Dagaci ya kira mutumin ya yi masa faɗa, ya ce amma shi iyakarsa faɗa. Da ya kai ƙara wajen 'yan sanda suka saurara da kyau, suka tambaya me aka sace. Maigidana ya ce murya. Suka tambaya ko an hana shi kaset ɗinsa, ya ce a'a, har biyu aka ba shi. Suka ce to su ba su san a wane babi za su rubuta wannan ba, ya gwada kotu.

Alƙalin da aka kai wa ƙarar dattijo ne mai haƙuri, har gobe ina yi masa addu'a. Ni ban je ba, maigidana ne wakilina. Alƙali ya ƙi a sa kaset ɗin a gaban jama'a, ya ce matar aure ce, ya saurara shi kaɗai. Da ya fito ya ce ya juya maganar ta kowace fuska. Sata ba ta tabbata ba, tun da an mayar wa mai kaya kayansa. Ɓata suna ma bai tabbata ba, domin mutumin bai ƙara ko kalma ɗaya ba, abin da na faɗa da bakina shi ya yaɗa. Maigidana ya ce Allah ya gafarta Malam, ashe mutum zai kwashe cikin gidan wani ya baza a kasuwa ya tafi salin-alin? Alƙali ya ce a'a, akwai cin amana, an ba shi abu don aiki ɗaya ya yi wani da shi. Ya umarci mai shagon ya kawo uwar kaset ɗin da duk na shagonsa, kuma kada ya sake kwafa. Mutumin ya ce nasa zai kawo, amma ya riga ya sayar wa abokan sana'arsa a Tudun Wada da Doguwa da cikin Kano, kowannensu yanzu da tasa uwar. Alƙali ya ce waɗannan ba a ba su amana ba, saye suka yi, hannunsa ba ya kai gare su. Ya ce akwai dokar gwamnatin tarayya a kan kwafar waƙoƙi, amma ba a kotunsa ake jin ta ba, sai birni.

Maigidana ya dawo da buhun kaset a bayan keke. Muka haƙa rami a bayan gida muka zuba muka cinna wuta. Warin robar ya cika unguwa, har Goggo ta leƙo tana tambaya ko taya muke ƙonawa. Na tsaya ina kallo ina jin kamar an sauke mini kaya. Washegari da hantsi wata motar itace ta tsaya a bakin hanya, direban ya buɗe ƙofa yana cin abinci, ga ni nan ina ta niƙa a cikin motarsa.

Duk da haka maigidana bai haƙura ba, ya shiga Kano wajen wani lauya, ɗan abokin mahaifinsa. Lauyan ya ce ƙwarai akwai doka, ta haƙƙin mallaka, kuma tana da ƙarfi. Wanda ya ƙirƙiri waƙa shi ke da ita, ba mai kwafa ya sayar sai da izininsa, babbar kotun tarayya tana iya hana sayarwa har ta sa a biya diyya. Maigidana har ya fara hamdala, sai lauyan ya ci gaba. Ya ce kafin kotu ta hana kowa, sai an tabbatar mata da mai waƙar. Dole in zo da kaina in yi rantsuwa cewa muryata ce. Baitocin Inna kuma na gargajiya ne, za a ce na kowa ne, don haka sai na ware waɗanda ni na ƙirƙira, wato na 'yata, in ce a gaban alƙali da lauyoyi da 'yan kallo waɗannan nawa ne, ni na tsara su. Ya ce shari'ar tana iya daɗewa, 'yan jarida kuma suna son irin wannan. Maigidana ya ce masa mu fa ba diyya muke nema ba, so muke a daina ji. Lauyan ya ce ya gane, amma gaskiya an yi dokar ne don mawaƙin da aka ci wa kasuwa. Macen da ba ta so a san ta yi waƙa sam, shi bai san dokar da aka yi dominta ba.

Na yi ta juya maganar. In na je kotu na ce waƙata ce, na gaskata masu cewa zabiya da bakina, mutanen Bebeji su ji a rediyo. In na zauna, kaset ya ci gaba da yawo da sunan yarinyar. Kowace hanya na bi, ita ce za ta sha. Na zaɓi zama, muka tura dattawa Bebeji su faɗi gaskiyar yadda abin ya faru. Goggo ta ce sai an tafi da ita, ita da ba ta taɓa yabona a gabana ba. An ce ta tsaya a gaban matan gidan ta ce tun da na shigo gidanta ko guɗa ba ta taɓa ji na yi ba, kuma duk wadda ba ta taɓa yi wa dutse kuka ba a cikinsu ta miƙe ta gani. Ba wadda ta miƙe. Mahaifin yaron da ke neman auren ya karɓe su da mutunci, ya ce wallahi ya yarda an zalunce mu ne, amma ba zai iya bin mutane ɗaya-ɗaya yana yi musu bayani ba, kuma ba ya so a wayi gari ana rera wa jikokinsa sunan uwarsu a kan hanya. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, har kawunsa ya sa ya sa baki, amma bai iya tsallake maganar mahaifinsa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Bayan girbi suka aiko cewa Allah bai yi ba. Muka mayar musu da kayansu, yaron kuma ya nemi canjin wurin aiki.

Tun da abin ya fara ni da yarinyar ba mu haɗa ido ba. In na ji motsinta sai in shige ɗaki. Na tabbata ta tsane ni, kuma na ga tana da gaskiya. Wata rana da la'asar ina ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki sai ga ta ta zagayo. Ta rame. Ta gaishe ni, ta zauna a gefen tabarma ta ɗan ba ni baya, ta jawo gyaɗar ta kama ɓara. Daga baya na daure, ina kallon bango, na ce duk wanda na jawo wa asara ya yafe mini. Ko a nan ban iya cewa ke ba. Ta ce Adda, ba abin yafewa. Ta ce ita a mota ta fara ji, kafin kowa ya gaya mata. Da aka kama sunan ba ta ɗauka ita ce ba, don ba ta san yadda yake fita daga bakina ba, sai da aka zo wajen leƙe ta kafar danga. Ta rufe fuska da mayafi har aka sauke ta, kuma ta ce ba kunya ce ta sa ta kuka ba. Duk tsawon rayuwarta ta ɗauka haƙuri kawai nake yi da ita. Sannan ta yi mini tambaya ɗaya, a hankali, ba da faɗa ba. Ta ce me ya sa direba da ɗan acaɓa da mai shayi suka riga ta ji, alhali danga ɗaya ce tsakaninmu. Muka ci gaba da ɓarar gyaɗa har aka kira magariba, ta tashi ta koma wajen Goggo.

Amsar Inna kuwa ta iso tun dawowar alhazai. Ta ce kullum sai an sa mata, ta sa mini albarka, ta tambaya ko an sa ranar jikarta. Ban sake yi mata kaset ba. Saƙon baki na riƙa ba alhazai, har Allah ya karɓi ranta a can ba ta san abin da ya faru ba. Wannan ma yana ci mini rai, tsohuwa ta roƙi muryar 'yarta, na ba ta sau ɗaya, tsoro ya sa na hana ta har ƙarshe. Kaset ɗin ya yi zamaninsa ya wuce, sababbi suka fito aka manta. Yarinyar ta daɗe a gida, duk wanda ya fito nema sai a ba shi labari, kafin wani mutumin kirki daga ƙasar Doguwa, wanda matarsa ta rasu, ya aure ta. Suna zaune lafiya, ba ta taɓa kawo ƙararsa ba.

Na daɗe ina neman inda kuskuren yake. Waƙar ba kuskure ba ce, uwata na yi wa. Mai shagon ya ci amana, amma har ya bar kotu bai gane abin da ya yi ba, don a sana'arsu ba wanda ya taɓa ce musu ga iyaka. Mu kuma mun ɗauki na'ura kamar mutumin gida, wanda zai ji ya yi kamar bai ji ba. Al'adarmu ta tanadi yadda za a rufa wa mai waƙar niƙa asiri, amma ba ta san kaset ba. Doka ta san kaset, amma a matsayin kayan sayarwa ta san shi. A tsakaninsu muka faɗa, ba wanda ya tare mu.

Abin da ya sa na ɗauki biro yanzu, ina ganin jikokina da waya a hannu. Yarinya ta shige ɗaki ta danna ta zuba duk abin da ke cikinta ta aika wa ƙawa, ko ta kai wayar wajen mai gyara ta baro ta ta kwana. A zamaninmu sai an sayi kaset an jira kasuwa, amma ya kai Doguwa kafin mu farga. Yanzu kafin ki ajiye wayar ya ƙetare teku. Ina jin ana cewa an yi sababbin dokoki a kan irin wannan. Allah ya sa haka ne, kuma ina roƙon masu yin su su tuna da irinmu, waɗanda ba kuɗi muke nema ba, so muke a bar mu, kada neman haƙƙi ya zama sai mutum ya ƙara tona kansa. Amma ko da dokar, 'yan uwana mata, kada ku jingina da ita. Alƙali na iya hukunta wanda ya yaɗa, ba ya iya shiga kunnen waɗanda suka ji. Abin da ba za ki so a ji a tasha ba, kada ki faɗa wa na'ura. In kuma magana ce mai daɗi kike ɓoye wa wani na kusa da ke, ki tashi ki faɗa masa da bakinki. Kunyar ba ta kai abin da na gani ba.

'Yata yanzu ita ma ta yi jikoki. In ta zo ganina muna hira sosai, ta daina ba ni baya, kuma ba ta taɓa ce mini na cuce ta ba. Amma har yau in hira ta biyo ta kan Bebeji, ko da maganar farashin hatsi ce, sai ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya, ko da ba abin da ke kan wuta.